Kunyar Ɗan Fari da Ta Ɓoye Mana Ciwon Addata

Da sunan Allah, mai saukar da cuta da maganinta. Addata, wato yayata, ita ce ta ba ni izinin rubuta wannan, bayan na daɗe ina roƙonta. Sharaɗinta ɗaya ne. Ta ce, "Safiya, na san ki da ƙawata magana. Wannan karon ki faɗe shi yadda ya faru, ko da bai yi mana kyau ba." Zan yi iya ƙoƙarina.

Adda Rabi ita ce babba a ɗakin Inna. Malamar firamare ce, kuma kowa ya san ta da surutu da dariya. In tana gida, ko kajin Inna ba sa rasa abokin hira. Tana aure a Yalwawa, cikin Dutse. Mijinta, Yaya Nasiru, ɗan Ringim ne daga gidan malamai. Mu kuwa Fulani ne na wani ƙauye a gefen Kiyawa. Fulatancin ya kusa kuɓuce mana, shanun ma sun ragu, amma al'adun haihuwa suna nan daram. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, ni kuma ina hutun jami'a, sai hidimarta ta faɗo kaina.

A wajenmu uwa kunyar ɗan fari take ji. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in za ta ba shi nono sai ta keɓe. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Adda ba, sai dai "ke" ko "waccan". Abin yana burge ni ƙwarai. Ina ganinsa kamar ƙaunar da ta yi yawa har ta rasa inda za ta sa idonta.

A ƙarshen bazara Adda ta haihu, lafiya lau, namiji. Goggo Dije, ƙanwar Baffa mahaifinmu, ita ta karɓi wankan jego, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen dalbejiya, ga kunun kanwa a kwano. Tun kafin suna Adda ta yi shiru. In aka shigo da jaririn sai ta juya fuska ga bango. In mata suka zo barka suka miƙa mata shi, sai ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

Goggo Dije kamar ta taka rawa. "Kun gani ko? Ni da na ɗauka boko ya cinye ta! Ashe jinin yana nan. Wannan ita ce Bafulatana, ba 'yan yanzu masu ɗaukar hoto da ɗan fari suna watsawa a waya ba."

Mata suka yi ta yaba fulakonta. Abinci ba ta ci sai an matsa, aka ce kunya ce. Barci kuwa, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san ba ta yi. Duk safiya idanunta jawur, shimfiɗarta ba ta ko yamutse ba. Na gaya wa Inna, ta ce wace mai jego ce take barci.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Aliyu. Yaya Nasiru ya kira ni zaure bayan an watse, ya ce, "Safiya, tsakaninki da Allah, yayarki lafiya take? Na yi mata magana ta kalle ni kamar ba ta san ni ba."

Na yi dariya na ce, "Yaya, ka auri Bafulatana, sai haƙuri. Kunya ce." Ya tafi yana waiwaye.

A mako na biyu tsarin ya zama haka: in yaro ya yi kuka sai Goggo ta ajiye shi a bakin gadon Adda, ta saki labule, kowa ya fita. In an jima a dawo a ɗauke shi. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga yana sha, don tsayawar ma rashin ta ido ce. Kukansa ya fara raguwa, sai barci. Inna ta ce Allah ya ba mu yaro mai haƙuri.

Wata hantsi na ɗauko shi zan canja masa ƙyalle, na tarar da na jiya da yamma a bushe. Na shafa kansa. Maɗigarsa ta faɗa ciki, kamar an danna ɗanyen ƙulli da yatsa. Leɓɓansa sun bushe, ya buɗe baki zai yi kuka amma babu murya. Na ɗaga labule da shi a hannu. Adda tana zaune, gaban rigarta sharkaf da nono, ya jiƙe har zaninta. A gefen matashinta akwai ƙaramin kofi da cokali.

Na ce, "Adda, mene ne wannan?"

Ba ta kalli yaron ba. Cikin natsuwa, da muryar da take koyar da 'yan aji ɗaya, ta ce, "Ruwa nake ba shi. Nonona guba ne, Safiya. An gaya mini. Idona ma in ya sauka a kansa mutuwa zai yi. Ki fitar da shi, kada ki bari in gan shi. Na yi ƙoƙari, ko? Ban kalle shi ba ko sau ɗaya."

Har yau ina jin wannan "na yi ƙoƙari, ko?" a kunnena. Ihu na yi, ban san na yi ba. Inna ta shigo da gudu, muciya a hannunta. Goggo Dije ta biyo ta, ta ga kofin, ta ga rigar, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Matar da duk ƙauye ke yabo saboda kunya, ashe tsoro ne yake cin ta a gabanmu, mu kuma muna yi mata guɗa.

Motar wani maƙwabci ta kai mu Dutse, ni da Inna da yaron. Hanyar Kiyawa zuwa Dutse ba wata tafiya ba ce, amma ranar na ga kamar duwatsun garin suna ja da baya. Yaya Nasiru ya tare mu a babban asibiti. Allah ya saka wa ma'aikatan ɗakin jarirai. Ba su tsaya tambayar kati ba, suka karɓe shi suka yi ta neman jijiya har suka samu, aka sa masa ƙarin ruwa. Likitan yara da ya ji labarin ya ajiye biro ya ce, "Ina uwar?" Muka ce tana gida. Ya ce, "Yaron zai tashi in sha Allah. Amma uwar ita ma a cikin haɗari take. Ku kawo ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa, kada ku jira."

Muka jira. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe.

Baffa ya ce 'yarsa ba za ta je layin mahaukata ba, yana da sauran 'ya'ya mata da za a nema. Gida ya cika da masu shawara. Wannan ta ce iska ce, ta taka wani abu a bayan gida lokacin ciki. Waccan ta ce maita ce, a bincika matan da suka zo barka. Wata ta kawo turaren hayaƙi mai sa tari, wani ya kawo rubutu a jarka. Aka kira mai ruƙiyya ya yi karatu, Allah ya saka masa, mutum ne mai hankali, shi da kansa ya ce wa Baffa a haɗa da asibiti. Baffa ya yi kamar bai ji ba.

Adda kuma ta juye gaba ɗaya. Shirun ya tafi, magana ta zo babu tsayawa. Tana lissafa sunayen ɗalibanta, tana wa'azi, tana kuka, tana dariya, duk a zama ɗaya. Ta ce rediyon Baffa da ita yake magana. Wata azahar muka neme ta muka rasa, sai a bakin titi aka same ta, babu takalmi babu ɗankwali, wai za ta je ta miƙa kanta a hukunta ta. Na rufe mata kai da mayafina, yara suna biye da mu. Ban taɓa sanin ƙauyenmu yana da idanu da yawa haka ba.

Ana cikin haka aka sallami Aliyu. Hajiya, mahaifiyar Yaya Nasiru, ta zo daga Ringim ta goya shi da kanta a harabar asibiti. Ta ce wa Inna, "Ba faɗa na zo yi ba, Allah ya ba ta lafiya. Amma jikana ba zai ƙara shan nononta ba, ba kuma zai koma hannunta ba. A nono ake shan irin wannan." Inna ta tsaya tana kallon motar har ta fita daga ƙofa.

Yaya Nasiru ne ya karya taurin Baffa. Ya zo ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baffa, 'yarka ce, amma amanarta a wuyana take. In ta faɗa rijiya gobe, me zan ce wa Allah?" Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce zai bi mu, don ya ga likitan da idonsa.

Masu ganin likitan ƙwaƙwalwa rana guda suke da ita a mako, layin kuma sai wanda ya gani. Muka yanki kati, aka ce ba wannan tagar ba ce, muka koma wata. Mai gadi ya nuna mana hanya da baki yana cewa, "Na masu taɓin can baya ne," da ƙarfi, kowa na ji. Wannan ban yafe ba tukuna. Amma da muka zauna a benci sai mamaki ya kama ni. Na zaci zan ga mutane cikin mari da tsumma. Sai ga wani dattijo da babbar riga yana karanta jarida, ga wata 'yar makaranta da mahaifiyarta, ga wani matashi yana amsa wayar kasuwanci. Baffa ya ja hularsa ya rufe goshi, kada wani ɗan Kiyawa ya gane shi. Bai san na gefensa ma haka yake yi ba.

Likitar mace ce, gajeriya, da tabarau da hijabi ruwan toka. Baffa ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "'Yar nan, ina babban likitan?"

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ni ce dai. Ku zauna."

"To ke likita ce ta gaske, ko ta masu hira da mutane? Don an ce mini ku magana kawai kuke yi."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Tambaya ce mai kyau. Karatun likita na yi, irin wanda kowane likita yake yi, shekara shida. Na karɓi haihuwa, na ɗinke rauni, na yi jinyar masu zazzaɓi. Bayan na gama na yi aikin koyo da hidimar ƙasa, sai kowa ya zaɓi ɓangarensa. Wani ya tafi ido, wani ƙashi, ni na zaɓi ƙwaƙwalwa. Na ƙara wasu shekarun a ƙarƙashin manya, ina duba marasa lafiya suna duba ni, da jarrabawa a kan jarrabawa. Masu hirar da kuke faɗa su ma suna nan, karatun halayyar ɗan Adam suka yi, tare muke aiki, kuma aikinsu yana da amfani sosai. Sai dai su ba sa rubuta magani. Ni ina rubutawa."

Baffa ya ce, "Duk wannan karatun, ki ƙare a mahaukata?"

Ta ce, "Haka mahaifina ma ya ce." Baffa ya yi 'yar dariya, ta farko tun ranar kofin.

Ta sa aka auna jinin Adda da zafin jikinta, ta duba ƙirjinta da ya kumbura, ta rubuta gwaje-gwaje. Ta ce dole ta fara tabbatar ba zazzaɓi ko wata cutar jiki ce ta taɓa kan ba. Sannan ta juya kujerarta ta fuskanci Adda, ta yi ta tambayarta a hankali. Da Adda ta ce nononta guba ne, likitar ba ta ce ƙarya ne ba. Cewa ta yi, "Lallai kin sha wahala. Ke kaɗai kike ɗauke da wannan tsoron?" Adda ta fashe da kuka, irin kukan mutane, ba irin na kwanakin baya ba.

Likitar ta faɗi sunan ciwon da Turanci, sannan ta ce a Hausance rikicewar ƙwaƙwalwa ce ta bayan haihuwa. Ta ce yakan zo a makonnin farko, yakan fara da rashin barci, kuma gaggawa ne kamar zubar jini. Na ba ta labarin kunyar da labulen. Ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce, "Al'adar ba laifi ba ce. Amma mai kunya tana satar kallo. In ɗaki ya watse tana shinshina kan ɗanta. Tana cin abinci, tana barci in ta samu. Wadda ba ta satar kallo ko kaɗan, a tambaye ta."

Baffa ya ce, "To ba aljanu ba ne?"

"Baba, ni ban karanci aljanu ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na karanta shi ne wannan, na kuma ga mata da yawa da shi, na ga sun warke. Addu'a kada ku fasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri, da hayaƙin da zai shaƙe ta, da jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke ciki ba."

"Za ta dawo daidai?"

"Ina sa rai ƙwarai. Wannan yana cikin masu jin magani. Amma sai an kwantar da ita."

Aka ba mu gado, na zama mai jinya. Kwanakin farko barci ta yi ta yi, kamar tana biyan na baya. Sai wani sabon tashin hankali: wuyanta ya ƙage, hannunta yana rawa, miyau yana zuba. Na ruga ofishin likita ina kuka, na ce maganin ya lalata ta, dama mutane sun ce yana mai da mutum gunki. Ta biyo ni da sauri, ta duba, ta ce illar maganin ce kuma tana da gyara. Ta rage shi, ta ƙara wani. Kafin kwana biyu wuyan ya saki. Ta ce mini, "Kin yi daidai da kika zo. Da yawa a nan suke tsayar da magani su gudu gida."

Na tambaye ta ko Adda za ta zama ba ta iya rayuwa sai da ƙwaya. Ta ce wannan ba irin ƙwayar da ake maye da ita ba ce, ba ta sa mutum ƙishirwarta. Za ta sha na wani lokaci bayan ta warke, sannan a janye a hankali, kuma ita likitar ce za ta faɗi lokacin, ba Goggo ba.

Jinya a asibitinmu sai mai ƙarfin hali. Maganin da aka rubuta sau da yawa babu shi a kantin asibiti, sai Yaya Nasiru ya zaga gari a kan babur. Famfo yakan ɗauke, mu sayi ruwa a wajen 'yan garuwa. Baffa ya sayar da karsanar da yake ji da ita a kasuwar Shuwarin, bai gaya wa kowa ba sai da muka ga turken babu komai. Wata ma'aikaciyar jinya tana yi mana tsawa kamar mun zo roƙo. Wata kuma, Allah ya yi mata albarka, ita ta zauna ta tsefe wa Adda kai ta yi mata kitso, tana ba ta labarin rigimar 'ya'yanta.

Ruwan farko ya sauka muna asibitin. Ina tsaye a taga ina shaƙar ƙamshin ƙasa, duwatsun Dutse sun yi baƙi sun yi sheƙi, sai na ji an ce a bayana, "Safiya, kin ci abinci kuwa? Kin rame." Na juya. Addata ce. Idonta ne, muryarta ce. Na durƙusa na sa kaina a cinyarta.

Dawowar hankali ashe ita ma ciwo ce. Abubuwa suka riƙa dawo mata gutsure-gutsure. Wata safiya tana shan koko ta ajiye kofin ta ce, "Ruwa na ba shi?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Yana da rai?" Na rantse mata yana Ringim, ya yi ɓulɓul. Na nuna mata hoto a waya, ta kai hannu ta janye, ta sake kaiwa. Daga ranar ba ta da magana sai tasa. Tana tambayar likita ko ita muguwar uwa ce. Likitar ta ce, "Ciwon ya gaya miki ƙarya, ke kuma a cikin ƙaryar kare shi kike yi. Muguwar uwa ba ta yin haka."

Aka sallame mu muka koma Yalwawa, gidan mijinta, don ya fi kusa da asibiti. Aliyu kuwa shiru. Yaya Nasiru ya yi ta sintiri zuwa Ringim yana dawowa hannu biyu. Hajiya ta ce ta ga abin da ta gani, kuma ai ko a al'adarmu ɗan fari na kakanni ne. Adda ba ta yi gardama ba. Sai ta wanke kayan jaririn da bai taɓa sawa ba, ta shanya, ta ninke, bayan kwana biyu ta sake wankewa. Na ji tsoro na gaya wa likita. Ta ce, "Wannan ba ciwon ba ne, kewa ce. Amma in aka bar ta a haka za ta iya jawo wani ciwon. Ku roƙi Hajiya ta zo, ni zan yi mata bayani."

Hajiya ta zo ranar ganin likita, ba tare da yaron ba. Ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ni ban yi boko ba, amma na yi karatun gidanmu. Tambaya uku gare ni. Ana sha a nono?"

"Ba a sha, Hajiya. Ciwon ba ya bi ta nono. Magunguna ne muke dubawa, wasu sun dace da mai shayarwa, wasu ba su dace ba, wannan aikina ne."

"Gado ne? Jikana zai yi?"

"Yakan bi dangi, kamar yadda hawan jini da ciwon suga suke bi. Amma bin dangi ba dole ba ne. Ba zan ce miki an rubuta masa ba."

Hajiya ta ce, "Ta ukun ita ce babba. Zai dawo mata?"

Na so likitar ta ce a'a. Na roƙe ta da ido. Amma ta ce, "Zai iya dawowa, musamman in ta sake haihuwa. Ba zan ɓoye miki ba. Bambancin shi ne yanzu mun san shi. Tun tana da ciki za mu shirya, mu kula da barcinta, mu sa ido. Kuma ban ce a miƙa mata yaro a juya baya ba. Ina son babba a kusa da ita, mai ido, wadda ba ta jin nauyin ɗaga labule."

Hajiya ta kalli Adda, wadda tun shigowarmu kanta yake ƙasa. Ta ce, "Da kin ce mini ba zai dawo ba, da na tashi na tafi." Ta yi sallama ta hau mota.

Kafin in faɗi ƙarshen, ga abin da ya sa na ɗauki biro. In kuna da mai jego, ku yi mata wanka, ku dama mata kunu, ku yaba kunyarta in tana da ita. Amma wata a cikinku ta zauna ta ga jaririn yana haɗiya. Ku duba ƙyallensa. In mai jego ta kwana biyu ba ta runtsa ba, in mai surutu ta yi shiru ko mai shiru ta ɓarke da zance, in ta fara faɗin abin da ba ya kan hanya, ku kai ta asibiti ranar, ku yi addu'ar a cikin mota. Layin da muke gudu, mutane ne irinmu a kansa.

Ranar wata Juma'a da la'asar muna tsakar gida ina tsince shinkafa, muka ji tsayuwar a-daidaita-sahu. Yaya Nasiru ya shigo da akwati a ka, da buhun kaya, da tabarma. Hajiya tana bayansa da goyo.

Ta ce, "Ina ɗakin da zan zauna? Don ba ajiye shi na zo yi in tafi ba. Likitarku ta ce mai ido, to ga ni."

Ta kwance goyon. Adda ta miƙe, ta goge hannuwanta a zani, ta sake gogewa. Aka sa mata shi. Ya dube ta, ya ga baƙuwar fuska, ya tsala ihu yana miƙa hannu wajen Hajiya. Nonon Adda ya riga ya ƙafe tun a asibiti, ba ta da abin da za ta rarrashe shi da shi. Ta ɗago ta ce, "Hajiya, bai san ni ba."

"Yo ina zai san ki? Ni ma da na ɗauko shi haka ya yi mini, ɗan banza mai ƙiwa. Ba ya son kwanciya a hannu. Ɗora shi a kafaɗa. A'a, ta hagu. Yawwa. Ki riƙa bubbuga bayan, ƙasa-ƙasa."

Adda ta yi yadda aka ce. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa. Can sai ya yi gyatsa, ya kelayo madarar da ya sha a hanya, tun daga kafaɗarta har bayan sabuwar rigarta.

Na taso da tsumma. Ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, Safiya," ta ce. "Kada ki goge tukuna."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya kuma ba masu jinya idon gani.